Koren Layi: Littafin Aikin Gina Fuskar Rada da Bawul-bawul na Yaƙin Duniya na Biyu

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Bismillahi. Jiya na dawo daga kasuwar tsofaffin kayan rediyo da ake ci a wani zauren wasanni a wajen Birmingham, da kwali biyu a bayan mota. A na farko akwai kwalbar allo mai lamba VCR97, faɗin fuskarta inci 6, ga dogon wuya, an naɗe ta da tsohuwar jarida. Irinta sojojin saman Ingila suka riƙa sakawa a jiragensu lokacin yaƙin duniya na biyu, a akwatunan rada da na na'urar gano hanya da ake kira Gee. A kwali na biyu bawul ne, wato kwalaben lantarkin da tsofaffin rediyo ke aiki da su, samfurin EF50 guda takwas, biyar jajaye masu tambarin Sylvania, uku masu ruwan azurfa, ɗaya a cikinsu rubutunsa ya goge. Dattijon da ya sayar min ya tambaye ni me zan yi da su. Da na gaya masa, sai ya laluba ƙarƙashin teburi ya ciro rigar ƙarfen da ke kare kwalbar daga maganaɗisu, ya haɗa min da soket ɗinta a kuɗi kaɗan.

Fuskar rada irin ta farko nake son ginawa: koren layi ɗaya ya ratsa allo daga hagu zuwa dama, in amsa-kuwwa ta dawo sai layin ya yi ɗan tsini a daidai nisan abin da ta bugo. Igiyar rediyo ba zan watsa ba, wannan sai da lasisi. Sauti zan aika, mai kilohaz 40, wanda kunnen mutum ba ya ji, irin na na'urar da ke ƙara a bayan mota idan an kusa dukan bango. Lissafin duk ɗaya ne: a aika, a saurara, a auna jinkirin dawowa. Igiyar rediyo tana zuwa kilomita ɗaya ta dawo cikin maikurosakan 6.7, shi kuwa sauti sai ya ci milisakan 5.8 kafin ya je mita ɗaya ya dawo. Nawar sautin nan ita za ta sa aikin ya yiwu a ɗan shagona na bayan gida.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne a Zariya. Ko da na yi wayo bawul ya riga ya bar kasuwa, sai dai akwai wani gwangwanin madara a ƙarƙashin bencinsa cike da matattu, ni kuma da su nake wasa. Ban taɓa ganin ɗaya yana aiki a hannuna ba. Shekarata tara a garin nan da aka ƙera magnetron, bawul ɗin da ke harba igiyar rada mai ƙarfi, ina karanta labarin rada a takarda. Gani ya kori ji.

Kuɗin jiya: kwalba fam 35, rigarta da soket 10, bawul takwas 32, soket ɗinsu 12, ƙananan bawul EA50 guda biyu 3. Jimla fam 92.

Laraba, 8 ga Janairu

Na gwada zaren ɗumama na kowane EF50. Bolt 6.3 yake ci, da kashi uku cikin goma na amfiya. Bakwai sun ɗau ɗumi, mai gogaggen rubutun nan ko motsi. Tunda ya riga ya mutu, sai na sa filaya na warware bakin rigarsa ta alminiyom na zare shi, 'yata na tsaye a kaina riƙe da tocila. Ashe gilashi ne zalla a ciki, gajere, kamar ƙaramin kofin shayi da aka kife. Samansa ya yi fari fat kamar an barbaɗa alli, alamar iska ta daɗe da shiga. "Abba, ina ƙafafun suka tafi?" in ji ta. Na nuna mata: ƙafafu tara, sun huda gindin gilashin kai tsaye, kayan cikin na zaune a bisansu.

Sirrin bawul ɗin ke nan. Tsofaffin da ke gwangwanin Baba suna da dogayen wayoyi da aka matse wuri ɗaya a cikin gilashi, sannan su gangara cikin baƙin gindi na roba mai tauri. Ga rediyon jin labarai ba komai. Amma idan igiya tana kaɗawa sau miliyan 45 a daƙiƙa, kowane inci na waya cikas ne. Kamfanin Philips a Eindhoven ta ƙasar Holan ya gajarta wayoyin, ya fitar da EF50 dab da soma yaƙi, kuma don talabijin aka yi shi. Kamfanin Pye na Cambridge ya jera su a akwatin da zai kama tashar BBC ta Alexandra Palace mai watsa hoto a megahaz 45. A 1939 Edward Bowen, wanda ke fama da yadda za a sa rada a cikin jirgi, ya ji labarin akwatin nan daga tsohon malaminsa Edward Appleton. Ya je ya gani, ya tarar da kunnen da ya daɗe yana nema.

Sai dai a Holan ake yin bawul ɗin, ga Jamus a bakin iyaka. Ranar 9 ga Mayu 1940 aka fitar da EF50 guda 25,000 da gindinsu na gilashi 250,000 daga Eindhoven zuwa Ingila. Washegari sojojin Jamus suka afka wa ƙasar. Kwana ɗaya tak. Daga baya Mullard ya ci gaba da yin su a Ingila, Sylvania kuma a Amurka. Sojojin sama VR91 suke kiransa, lambar da ke jikin biyu daga cikin nawa ke nan.

Asabar, 11 ga Janairu

Yini guda ina yankan alminiyom da huda ramukan soket. Sanyi ya sa yatsuna ƙin lanƙwasuwa, sai na riƙa shiga gida ina ɗumama su a jikin kofin shayi. Babban taransifoma ya iso, mai ba da bolt 300 da kuma 6.3 na ɗumama. Faranti fam 14, taransifoma 48, kwandensa da rezista da dayod 27. Jimla ta kai 181.

Talata, 14 ga Janairu

Na haɗa ɓangaren wuta na bolt 300 da ɗoriya. Yana aiki lafiya. Ban taɓa kwalbar ba tukuna.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau na ga haske, yau kuma na ƙona kaya.

Kwalbar VCR97 ba ta aiki da maganaɗisu irin na talabijin ɗin da muka sani muna yara. A can ƙarshen wuyanta akwai ɗan ƙarfen da ake ɗumamawa ya saki ƙwayoyin lantarki, babbar wuta ta fizgo su zuwa allo, a hanya su bi ta tsakanin ƙananan faranti huɗu. Biyu na karkatar da su hagu da dama, biyu sama da ƙasa. Don ta yi haske tana son wuta sama da bolt 1,000. Na ninka ƙololuwar 300 ɗin nan, wadda ke haura 400, sau uku da dayod da kwandensa, ma'auni ya nuna kusan 1,200. Yadda masu abin suke yi tun asali, gefen allo ake bari kusa da sifili, a jefa gindin kwalbar can ƙasa da sifili da duk wannan wuta, don faranti huɗun su haɗu da sauran bawul ba da haɗari ba.

Bayan sallar la'asar na kashe fitilar shago na kunna. Na ƙirga har talatin ba komai. Na juya makunnin haske a hankali, sai ga wani gajimare kore a gefen allo, na murɗa na saiti, ya tattaru ya zama ɗigo kamar ƙwayar gero. Kwalbar da ta haura shekara saba'in a kwance! Na daɗe zaune ina kallonsa. Na rage hasken don kada ya ƙona allon.

Wajen minti ashirin da kunnawa na fara jin tsit-tsit, sai warin ƙonannen fenti, sai wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Uwargida na tsakiyar girki. Ta leƙo ta taga: "Maigida, lafiya?" Na ce lafiya, na zare filogi, na je na mayar da makunnin kariya.

Kuskuren nawa ne daga farko har ƙarshe. Zaren ɗumama na kwalbar bolt 4 yake so, sai na ɗauko wani tsohon ƙaramin taransifoma da na cire daga matacciyar rediyo, na rage masa wuta da rezista. Abin da ban auna ba, zaren nan a haɗe yake da gindin kwalbar, wato shi ma yana zaune a kan bolt 1,200. Tsakanin wannan wuta da wutar gida ba abin da ya raba sai 'yar takarda mai kakin zuma da ta tsufa a cikin taransifoman. Ta yi iya ƙoƙarinta ta huje. Da na buɗe na ga ɗan baƙin rami kamar na allura. Na auna zaren kwalbar hannuna na rawa. Da ransa, alhamdu lillahi. Dayod biyu ne suka tafi.

Laraba, 22 ga Janairu

Na kira Kawu, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a bencin Baba yana koyon aiki. Na zayyana masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wutar da ke cikin waya kaɗai ka duba, ba ka duba wadda wayar ke zaune a kanta ba." Shawararsa in daina neman na saye, in naɗa da hannuna. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Na sayi taransifoma mai siffar zobe, na samo waya mai kaurin riga wadda ke jure bolt dubbai, na riƙa zura ta cikin ramin zoben ina zagayowa. Zagaye goma na fara yi na auna, daga nan na lissafa sauran. A zagaye 22 na sami bolt 4 daidai da kwalbar a haɗe. Na bar shi a kunne awa biyu ina zaune kusa da filogi. Ba ƙara, ba wari, ba zafi. Fam 21. Jimla 202.

Lahadi, 26 ga Janairu

Wuta ta ja ni. Ina rubutawa dalla-dalla saboda duk wanda zai bi wannan hanya.

Na cire jerin rezistan da ke raba wuta ga makunnin haske da na saiti, don in sake musu wuri. Jerin nan shi ne kuma ke tsotse ragowar wutar kwandensa idan an kashe. Na kunna na ɗan gwada wani abu, na kashe, na zare filogi, na tafi sallar azahar. Na dawo bayan kusan rabin awa, raina a kwance tunda filogi na ƙasa, na kai yatsa zan gyara wata waya. Ji na yi kamar an maka min sanda a gwiwar hannu. Sukudireba ta yi tsalle ta bugi bango. Akwai ɗan farin tabo a kan yatsan har yanzu.

Hannuna na hagu yana cikin aljihu. Dokar Baba ce, ya sha kwaɗe min hannu a kanta: in za ka taɓa cikin akwati, hannu ɗaya a aljihu, kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji. Ban san jikina ya riƙe ta ba sai yau. Allah ya kai haske kabarinsa.

Na narka dalma na manne rezista na dindindin a kan kowane kwandensa, ba mai cire su. Na sa ƙaramar fitilar niyon da ba ta mutuwa sai wuta ta sauka. Na kuma yi sandar roba mai ƙugiya da wayar ƙasa, da ita zan fara taɓa komai. Ƙofar shago ta sami kwaɗo, saboda yarinya. Fam 5. Jimla 207.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ɗigo ya zama layi. EF50 ɗaya ke jan sa, da wata dabara mai ban sha'awa: a sa kwandensa tsakanin ƙofar shiga ta bawul da ta fita, sai wutar ta riƙa sauka a miƙe sambal, ba gaggawa a farko ba nawa a ƙarshe. In ba haka ba, mita ɗaya a hagun allo ba zai yi daidai da mita ɗaya a damansa ba. Alan Blumlein na kamfanin EMI ake danganta wa dabarar, mutumin da ya ƙago ɗaukar sauti ta kunne biyu. Ya rasu ranar 7 ga Yuni 1942 yana da shekara 38, lokacin da jirgin Halifax da suke gwajin radar H2S a cikinsa ya faɗi kusa da Welsh Bicknor. Ina haɗa wayoyin ina tuna shi.

Matsala biyu suka taso. Layin rabin allo kawai ya ci, sai da na ƙara bawul na biyu yana tura faranti ɗaya yayin da na farko ke jan ɗayan, sannan ya kai gefe da gefe. Ta biyu, layin yana rausaya kamar igiyar shanya a iska, duk da rigar ƙarfen. Maganaɗisun babban taransifoma ne ke kaɗa shi. Na ciro shi na sa a akwati dabam, da waya mai tsawon mita guda, rausayar ta ragu ƙwarai.

Ragowar kuma Chain Home ce ta koya min maganinta. Tashoshin radar nan da aka jera a gaɓar tekun Ingila kafin yaƙi, masu hasumiyar ƙarfe ta mita 110 don aikawa da ta katako mita 73 don saurare, sau 25 suke bugawa a daƙiƙa. Rabin bugun wutar ƙasar ke nan, mai 50, kuma da wutar aka ɗaure su don kada wata tasha ta shiga lokacin wata. Ni ma na ɗaure nawa da wutar gida a kan 25. Layin ya tsaya cak. Kowane ja yana cin milisakan 30, kimanin mita 5 na nisa.

A nan dole in faɗi gaskiya: 'yar ƙaramar kwamfutar Arduino ce ke ƙirga bugun tana harba sautin, na wucin gadi. Ita da bakin sauti da kunnensa fam 15. Jimla 222.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Aiki ya riƙe ni har dare. Naɗin waya uku kawai na yi na ɓangaren saurare. Kayansu fam 11, jimla 233.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na jera EF50 uku, kowane na miƙa wa na gaba abin da ya ƙara wa ƙarfi, sai EA50 ya tace, sai bawul na shida ya tura wa farantin sama da ƙasa. Ina kunnawa allon ya cika da kore, faffaɗan ɗamara daga sama har ƙasa. Na cire kunnen sautin gaba ɗaya, ɗamarar na nan. Wato na'urar kanta take ji, kamar lasifikar masallaci idan makirfo ya matso kusa da ita ta kama kuka.

Na rage wa bawul na biyu wuta, ta lafa, amma sai kunnen ya kurmance. Na sauya bawul da bawul, ba canji. Na juya naɗin wayoyin su daina fuskantar juna, ta ɗan ragu, da na kai hannu kusa ta dawo. Awa biyar. Da na kifa farantin na dubi aikina da idon basira, na ga laifin: don in sami sauƙin sa dalma na bar wayoyi dogaye, wayar fita ta bawul na uku ta bi ta gefen wayar shiga ta na farko, kusan suna gogar juna. Mutanen Eindhoven sun yi wahalar gajarta ƙafafu a cikin gilashi, ni na zo na mayar da tsawon a waje. Gobe zan warware duka.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Dare huɗu na yi ina sake ɗinkin. Kowace waya ba ta wuce gaɓar yatsa ba. Kowane bawul na ba shi rezista da kwandensansa a hanyar wuta, kada su riƙa gulma ta nan. Na yanka gwangwanin madara na yi 'yan katangu, na ratsa tsakiyar kowane soket da ɗaya, shiga a gefe, fita a gefe. Kukan ya mutu.

Sai wata ta ɓullo: in na ƙwanƙwasa benci, komai ya ɗauke ya dawo. Wannan tsohon halin EF50 ne da masu gyara suka sani, ƙafafunsa gajeru ne, in suka yi dauɗa ba sa kama soket da kyau. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, ƙafa 54, na sayi zobban da ke danne bawul a mazauninsa. Fam 6, jimla 239.

Yanzu in na buɗe ƙarfin saurare, layin yana fitar da wani ɗan gashi-gashi mai motsi. Ciyawa masu aikin rada suke kiransa. Hayaniyar ƙwayoyin lantarki ce a cikin kayan kansu, ba a raba na'ura da ita. A cikin irin ciyawar nan matan WAAF, reshen mata na sojojin saman Ingila, suke tsamo jirgin da ke nisan fiye da kilomita 100, su kuma kimanta ko nawa ne ke tafe daga yadda tsinin ke rawa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci na wuce Jami'ar Birmingham, na tsaya a gaban ginin Poynting inda shuɗin allon tunawa yake. Yau shekara 85 cif da John Randall da Harry Boot suka kunna magnetron ɗinsu a karon farko, a sashen Mark Oliphant. Ɗalibai na ta wucewa da jakunkuna, ni kaɗai ke tsaye.

Abin da ya kai su ga wannan aiki shi ne tsawon zango. Chain Home a kan mita 10 zuwa 13 take, shi ya sa sai da hasumiya. Radar farko ta cikin jirgi ta sauko mita ɗaya da rabi, amma igiyar tana bazuwa ko'ina, ƙasa ta dawo da amsa-kuwwar da ke binne komai. Jirgin da ke sama da ƙasa da kilomita uku ba ya ganin abin da ya wuce kilomita uku a gabansa. Ana son zango na santimita 10 da za a iya tattarawa kamar hasken tocila. Bawul na gargajiya kuwa ba ya iyawa, don kafin ƙwayar lantarki ta tsallaka cikinsa igiyar ta riga ta juya.

Sai suka ɗauki curin jan ƙarfe suka huda rami a tsakiya, da ramuka shida kewaye da shi, kowane da 'yar tsaga. Maganaɗisu ya sa ƙwayoyin su riƙa kewaya suna wuce bakin ramukan, ramukan su ɗau kuka, kamar yaro na hura bakin kwalba. Wat 400 suka samu a zangon santimita 9.8. Ba su ne farkon masu tunanin ramuka ba, an taɓa gwadawa a Jamus da Rasha, amma nasu ne ya ba da ƙarfin da ya shiga yaƙi. Eric Megaw na GEC a Wembley ya gyara shi ya kai kilowat 10. A Satumban 1940 tawagar Henry Tizard ta kai ɗaya Amurka, kuma Bowen ɗin nan dai na labarin EF50 shi ya yi dakonsa a baƙin akwatin ƙarfe. Jikokin magnetron ɗin ne ke cikin na'urar ɗumama abinci ta kowane kicin yau.

A bas ina dawowa na yi ta tunani. Duk wanda ya ba da labarin rada, magnetron yake yabo, kuma ya cancanta. Amma magnetron baki ne kawai. Makon jiya ya nuna min wuyar kunne. In nisa ya ninka biyu, amsa-kuwwar da ke dawowa kashi ɗaya cikin goma sha shida take komawa. Komai ƙarfin ihun, abin da ke dawowa raɗa ce, kuma bawul-bawul irin waɗannan na fam huɗu-huɗu su ke ɗaga ta har ido ya gani. Na fi jin su a raina, wataƙila don na ƙona yatsu a kansu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na haɗa baki da kunne a cikin shago. Amsa-kuwwa ta zo, har ta yi yawa. A hagun allo wani ƙaton tsini ya cinye kusan rabin mita, bugun fita ke nan yana shiga kunne kai tsaye. Bayansa tsini a kan tsini kamar haƙoran zarto: keke, injin yankan ciyawa, gwangwanayen fenti, rufi, kowa na amsawa. Na motsa hannu a gaba, na kasa gane wanne ne nawa. Abin da ya addabi matuƙan jiragen dare ke nan a 1940, ga shi a shagona.

Na raba baki da kunne da tazarar taƙi ɗaya, na cusa soso a tsakani, na naɗa wa kowane mazurari na kwali. Ƙaton tsinin ya rage faɗi. Sauran sai a fili.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na ɗauki hutun rabin yini, don na daɗe da sa ran wannan rana. Ranar 26 ga Fabrairu 1935 ne Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins suka ajiye mota a wata gona kusa da Daventry, da na'urar saurare a ciki. Ba su da tashar kansu, ta BBC suka ara, mai watsa shiri a gajeren zango kan mita 49, zangon da duk wanda ya tashi da rediyo a gidansu ya san lambarsa. Jirgin Heyford ya ratsa, koren layin ya riƙa tsawo yana gajarta, suka bi shi har kimanin kilomita 13. Ko nisa ba su auna ba ranar, sun dai tabbatar jirgi na dawo da igiya.

Na ɗora na'urar a bakin ƙofar shago tana fuskantar katangar lambu, na yafa baƙin mayafi a kan allon saboda hasken yamma. Na shiga ƙarƙashinsa. Ga bugun fita a hagu, ga ciyawa kwance, can dama ga tsini ɗaya tsaye shi kaɗai. Katanga. Na juya wayoyin faranti don ya riƙa nuna ƙasa, yadda na Chain Home yake.

'Yata ta dawo daga makaranta, na ce ta aro babban tiren uwarta. Ta tsaya a jikin katanga ta riƙe shi a ƙirji, na ce ta taho a hankali. Sai tsinin ya haihu. Wani ya ɓalle daga jikinsa ya kamo hanyar hagu, yana girma, in ta tsaya ya tsaya, in tiren ya karkace ya nutse cikin ciyawa. "Abba, ka gan ni?" Na ce na gan ki, kina mita biyu da rabi. Ta ce ƙarya ne, leƙe nake. Muka yi musanya, ta shiga mayafin, na ɗauki tire. Ina takawa ina jin ta tana ƙirga min nisa da ƙarfi, har uwargida ta fito da ludayi a hannu ita ma ta karɓi mayafin. Ba mu shiga gida ba sai da aka kira magariba a waya.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya kama, aikin zai koma na bayan asuba a ƙarshen mako.

Na auna katangar da tef: mita 4 daidai. Allon kuwa 4.11 yake nunawa. Na zargi jan layin, na gwada shi, lafiyarsa lau. Ashe sanyi ne. Ma'aunin da na zana a takarda na manna a allo, da gudun sauti na mita 343 a daƙiƙa na lissafa shi, na ɗaki mai ɗumin digiri 20. A lambu digiri 4 ne, sauti bai wuce 334 ba, jinkirin ya ƙaru, katanga ta yi kamar ta ja baya. Zan sa ɗan makunni na daidaita saurin layi, in riƙa saita shi da katangar kafin kowane gwaji.

Kuɗi ya tsaya a fam 239. Bawul shida na aiki, ɗaya na ajiye.

Abin da ke gaba: in cire Arduino, bawul ya karɓi ƙirga da harbi, wanda zai ci na ajiyen da ƙarin biyu. In yi mazurari na gwangwani a madadin kwali, don ruwa ya riga ya jiƙa ɗaya. Bayan salla kuma, in Allah ya kai mu, in gwada bugun lantarki na gaske a cikin wayar eriya mai tsawon mita 100, wanda zai je ƙarshenta ya dawo cikin kusan maikurosakan ɗaya. Layin zai buƙaci gudu sau dubbai fiye da na yanzu, kuma ban tabbata wuta 1,200 za ta ba shi hasken da ido zai gani ba. Na ware fam 60. Kawu ya ce in turo masa hoton allon da tsinin a jiki, zai nuna wa yaran shagonsa.